Abin da Ya Shiga Kan Yayana

A wurin ta'aziyya na fara lura cewa wani abu ya samu yayana. Wata gwaggonmu ce ta rasu a Birchi. Mu muka tashi daga Kurfi da safe, shi kuma ya taho daga Dutsin-Ma a kan babur ya same mu can. Mata muna cikin gida, maza suna ƙofar gida a kan tabarmi. Ana tsaka da addu'a sai na ji dariya daga waje, wata siririya mai fita ta hanci, ta ƙi tsayawa. Na san muryar. Na leƙa ta zaure na hango shi, hannuwansa a ɗage kamar na kowa, kafaɗunsa suna girgiza, amma fuskarsa a daskare, ba alamar nishaɗi a cikinta. Kawunmu, ƙanin mahaifinmu, wanda ke jan addu'ar, ya buɗe ido ya dube shi sau ɗaya, ya ci gaba.

Da aka watse na tare shi a gefen rumbu.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Malama," ya ce. Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, da zolaya ya fara har ya bi bakinsa. "Ni ma ban san abin da ya ba ni dariya ba."

Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai da na matsa kafin na ji.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar makarantar allo a hannun Kawu, kuma kowa ya ɗauka Yaya ne zai gaje su. Shi kuwa tun yana saurayi ƙarfe ya ɗauke mashi hankali. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi wa mahaifinmu biyayya har nan, sannan ya tafi Dutsin-Ma ya koyi walda. Sama da shekara ashirin yana yi. Ƙofofi, tagogi, amalanken shanu, garma, tankunan ruwa, duk yana ƙerawa, har manoman Kutawa kan ce in garma ba tasa ba ce, ko bijimin da ke jan ta ya san bambanci. Shagonsa wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga. Maƙwabtansa teloli ne, sun sha kukan hasken walda yana kashe masu ido, don haka ya saba janyo ƙofar ya bar ɗan tsagi, ya yi aikinsa a ciki. In ya tashi da yamma sai ya sha gwangwanin madara, wai tana wanke hayaƙi daga ƙirji. Duk masu sana'ar haka suke yi.

Ni ce na fara zarginsa, kuma zargina ya fi na kowa muni. Ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, na ga abin da ƙwaya ke yi wa mutane: dariya ba dalili, harshe ya yi nauyi, ido ya tsaya wuri ɗaya. Da matarsa ta gaya mani cewa ya zama mai saurin fushi, shi da ba a taɓa jin ɗaga muryarsa ba, har ya jefar da kwanon tuwo don an sa cokali a gefen da ba ya so, sai na ce a raina, shi ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Wata ranar Asabar na shiga mota na tafi Dutsin-Ma, na same shi zai fita sallar azahar, na ce zan zauna in jira shi. Yana ba da baya na fara bincike. Na duba aljihun rigar aikinsa da ke rataye, na zazzage gwangwanin ƙusoshi, na ɗaga kwalayen sandunan walda ɗaya bayan ɗaya. Hannuna yana cikin akwatin kayan aikinsa na ji ƙofa ta motsa. Ashe ya manta hularsa.

Ya tsaya yana kallona. Da fuskarsa tana motsi kamar da, da na karanta abin da ke ransa, amma ba komai a kanta.

"Me kike nema, Malama?"

Na rasa ƙaryar da zan yi. Na ce, "Yaya, ka gaya mani gaskiya, akwai abin da kake sha?"

Ya ce, "Ni na goya ki zuwa makarantar boko ranar farko, kina kuka." Ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan wata guda na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, amma bai sake barina ni kaɗai a shagon ba.

Inna, mahaifiyarmu, nata zargin daban ne, kuma ba ta ɓoye shi ba. Akwai wani mutumin Kuki da suka koyi sana'a tare da Yaya, suka buɗe shago tare, suka yi shekaru kamar 'yan uwa, har abinci ana kai mashi daga gidan Yaya. Sun rabu ne a kan wata babbar ƙofar gida da ta fito a karkace, kowa ya ce ɗayan ne ya kuskure awo. Magana ta yi zafi a gaban mutane. Mutumin ya kwashe kayansa ya buɗe shago a tsallaken titi, daidai inda za su riƙa ganin juna kullum, kuma an ce da zai fita ya juyo ya ce, "Za mu ga hannun wa zai daɗe yana aiki."

Wannan magana Inna ta riƙe. Da hannun Yaya ya fara nauyi, ya zamana in ya ɗauki alli zai rubuta awo a jikin bango lambobin suna fitowa ƙanana kamar ƙwan kiyashi, sai ta ce ai ga shi nan.

"Hannu ya ambata, hannu ya kama. Ku da kuka yi boko sai ku gaya mani wani abu daban."

"Inna, maganar fushi ce kawai," na ce.

"Ke dai ba ki san mutum ba. Ɗan Kukin nan da ya ci tuwonmu, shi ya san ƙofar da zai shigo ta."

Aka share shagon tas ana neman abin da aka binne. A saman katangar, ƙarƙashin kwano, aka samu wani ƙullin tsumma baƙi ƙirin. Aka kawo wa Kawu a cikin leda, ba mai son taɓawa. Ya kwance shi da tsinke a gabanmu, sai ga 'yan ƙusoshi masu tsatsa da guntun waya. Kawu mutum ne mai taka-tsantsan, ya ce irin wannan ana samunsa a kowane shagon maƙera, kada mu ɗauki alhakin bawan Allah. Amma ya yi rubutu ya ba da, ya ce addu'a ba ta ɓaci. Inna ta ji rabin maganar na biyu, na farkon ta bar mashi. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai Dutsin-Ma cewa an tono abin da mutumin Kuki ya binne.

Daga nan gidan ya lalace da kallon juna. Yaya ya daina cin abincin matarsa. Bai ce ta yi mashi komai ba, sai dai in ta ajiye kwano ya zuba mashi ido har ya huce, ya ce ya ƙoshi. Abin da Inna ta dafa da hannunta kaɗai yake ci, don haka kullum sai an ba direban motar Kurfi kula ya sauke a bakin shago. Matar, wadda ta haifa mashi 'ya'ya biyar ba a taɓa jin kansu ba, ta zo wurina tana kuka.

"Ki gaya mani don Allah, Inna ce ta ce mashi ni ce?"

"Wallahi ba ta ce ba."

"To me ya sa in na shigo kuke yin shiru?"

Gaskiyarta, muna yin shirun. Ni kaina na taɓa tsintar idona a kan hannunta tana zuba mashi ruwan sha, ina lura ko za ta juya baya. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Tafiyarsa ta canza a cikin daminar shekarar. Ya koma taka ƙasa da kan yatsu, diddige a sama, ƙirji a gaba, gwiwar hannu a lanƙwashe, kamar zakara. In aka ce ya ja da baya kuwa, sai ƙafafun su ƙi bin umarni. Wata rana yana aikin tankin ruwa, ya fito daga cikinsa, ya zo matsawa baya don ya duba ɗinkin ƙarfen, sai ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan ƙarfen da bai huce ba. Ƙunar da ya yi a dantse ce ta kai mu asibiti, don ba don ita ba Inna ba za ta yarda ba.

A asibitin farko aka ce ciwon nan ne na rawar jiki da ke kama tsofaffi, ko da yake shi bai kai hamsin ba, kuma jikinsa sandarewa yake yi fiye da rawa. Aka ba shi ƙwayoyi ya sha wata uku. Ba su yi wani abin kirki ba.

"Na gaya maku ba na asibiti ba ne," in ji Inna.

Likitan da kansa ya ce abin ya ɗaure mashi kai, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano. Ni da Kawu muka raka shi. Aka ɗauki jini, aka sa shi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, muka koma bayan kwanaki. Likitar jijiyoyi ce ta gan mu, wata mace mai fara'a kaɗan, mai tambaya da yawa. Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Ta sa shi ya rubuta sunansa. Ta tsaya bayansa ta ɗan ja kafaɗarsa, ya tafi da baya zai faɗi, sai da Kawu ya tare shi. Sannan ta zauna ta ce, "Malam, mene ne sana'arka?"

"Walda."

"A fili ko a ɗaki?"

"A ɗaki."

"Kana shiga cikin tanki ka yi aiki?"

Ya ɗaga kai alamar e. Ta tambaya ko yana rufe hanci. Ya ce baƙin tabarau dai yake sawa, don ido. Ta tambaya ko ya taɓa ciwon hanta. Kawu ya ce ƙwarai, ya yi wata muguwar shawara shekarun baya, har idonsa ya koma ruwan ɗorawa, aka yi ta jiƙo ya tashi.

Ta juyo da hoton ta nuna mana wurare biyu can tsakiyar ƙwaƙwalwa, dama da hagu, sun yi fari fiye da kewayensu. Ta ce a cikin sandar walda akwai wani ƙarfe da ake kira manganis. Jiki yana bukatarsa ɗan kaɗan, kuma muna samunsa a abinci, hanta ta fitar da ragowar. Amma in wuta ta narka shi ya zama hayaƙi, mutum ya yi shekaru yana shaƙa, sai ya bi jini, wani ma ya bi ta jijiyar hanci kai tsaye, ya taru a wannan wuri. In hanta ta raunana kuma, fitar da shi sai ya yi wuya.

Da ta ji abin da nake koyarwa sai ta ƙara buɗe maganar, ta koma yi da ni. Ta ce na san ƙwayoyin halittar da ke samar da dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul, mutum ya ɗaga ƙafa ba tare da ya yi tunanin ɗagawa ba. Na ce na sani, ina zana su a allo. Ta ce to a cikin kowace ƙwaya ɗaya akwai saƙonni da ke tafiya daga wannan sinadari zuwa wancan, wannan ya tada wancan, wancan ya tada na gaba. Manganis yana shiga ta ƙofar da jiki ya tanada don sinadarin ƙarfen da ke cikin jini, ya isa wurin da ƙwayar ke sarrafa ƙarfinta, ya dagula shi. Daga nan sai saƙon haɗari ya tashi. In abin ya daɗe, saƙon da ke biyo baya shi ne wanda ke umartar ƙwayar ta kashe kanta, umarnin da asalinsa an tanade shi ne don kawar da ƙwayar da ta lalace. Ta ce masu bincike ba su gama daidaitawa ba: wasu suna ganin ƙwayoyin mutuwa suke yi, wasu suna ganin da yawansu suna raye, sakin dofamin ɗin ne suka kasa, kuma ɓarnar ta fi yawa a tashar da ke karɓar saƙon. Shi ya sa maganin da aka ba shi da farko bai cika aiki ga irinsu ba.

Ni kuwa na riga na saba da zargi, ban iya ajiye shi nan take ba. Na ce, "Likita, masu walda sun cika gari. Me ya sa shi kaɗai?"

"Wa ya gaya maki shi kaɗai ne?" ta ce. "Shi ne dai aka kawo mani."

Ta ce ba za ta yi mana alkawarin warkewa ba. Abu na farko shi ne kada ya sake shaƙar hayaƙin nan, ko na kwana ɗaya. Fushin, da dariyar, har da tsarguwar da yake yi da mutane, ta ce duk suna iya zama daga ciwon. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da muka fito harabar asibitin Yaya ya ce, a hankali, "Ashe da hannuna na yi ta zuba shi."

A gida na zauna na yi wa Inna bayani dalla-dalla, har da zane a bayan takardar magani. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Na ji. Hayaƙi ne. To wa ya tura hayaƙin ya bi kansa, ya bar na sauran?"

Kawu ya ce mata, "Ki ji tsoron Allah. An gaya maki sababi."

"Ai shi ma mai sammu da sababi yake aiki," ta ce, ta tashi ta shiga ɗaki.

Matar Yaya ce ta fi kowa samun sauƙi da wannan bayani. Ba ta yi gori ba. Ranar da aka kwaso kayansu daga Dutsin-Ma suka dawo Kurfi, ta dafa dambu ta ajiye a gabansa, ta ɗebi loma ta fara ci tana kallon wani wuri. Ya daɗe, sannan ya sa hannu.

Maganar likitar nan, cewa shi ne dai aka kawo mata, ta hana ni sakat. Bayan kamar mako biyu na koma Dutsin-Ma, na tsallaka titi zuwa shagon mutumin Kuki. Rabona da gaishe shi tun kafin su rabu. Na same shi a durƙushe yana haɗa ƙafar amalanke, ɗakin cike da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, har wani ɗanɗanon ƙarfe na ji a harshena. Ya kashe injin, ya ture tabarau sama, bai ce in zauna ba.

"Malama, yau kuma me aka tono?"

Na haɗiye wannan, don mun cancanta. Na ce na zo ne in gaya mashi abin da likita ta ce. Na yi bayanin iyakar iyawata. Yana ji yana goge hannu da tsumma.

"Wato yanzu ba ni ba ne."

"Ni ban taɓa cewa kai ne ba."

"Ba ki hana a ce ba. Wata shida ke nan in na shiga masallaci ana matsawa. Ɗiyata an fasa zuwa neman aurenta." Ya kalle ni ta gefen ido. "Ko kuwa turo ki aka yi ki tsorata ni? Nasa shagon ya rufe, nawa ma ya rufe, a huce?"

Na rantse mashi. Na ce ba rufewa na ce ya yi ba, ya fito da aikin fili, ya fasa taga, ya nemi abin rufe hanci na gaske mai matata, ya bar dogara da madara. Ina cikin magana idona ya kai kan bangon da yake rubuta awo. Na sama, tsofaffin, manya ne ɓaro-ɓaro. Na ƙasa, sababbin, sun tsuke sun yi ƙanana. Ya ga inda nake kallo. Ya matsa ya tsaya tsakanina da bangon.

"Allin ne ya ƙare," ya ce. "Ki gaida gida."

A lokacin ne na lura ashe tun shigowata matsawa nake yi kusa da shi don in ji abin da yake faɗi.

Ban sake komawa ba, amma duk lokacin da mota ta bi da ni ta wurin ina dubawa. Bayan wata ɗaya na ga an fasa bangon gefe an sa taga. Daga baya na ga ya kafa rumfa a waje. Ko maganata ce, ko zafi ne ya kore shi, ban sani ba.

Yaya yanzu shekara biyu ke nan a Kurfi. Bai warke ba. Fushin ya ragu sosai, tafiyar tana nan yadda take, wasu ranakun ma ta fi tsanani. An yi mashi sanda mai ƙafa uku, yana zuwa masallacin Kawu da ita, da hantsi kuma ya zauna a zaure yana sauraren masu tilawa, in an yi kuskure ya buga sandar a ƙasa, don muryar ba ta kai.

Da ƙaramar sallar da ta wuce, bayan la'asar, sai ga mutumin Kuki a ƙofar gida, da ledar goro a hannu. Ba wanda ya gayyace shi. Kawu ya shigo da shi zaure, ya shimfiɗa mashi tabarma kusa da Yaya, ya ba su wuri. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Na kawo ruwa na ɗan tsaya. Hira suke a kan wata garma da suka taɓa ƙerawa tare, kawunansu dab da juna, don ba wanda muryarsa ke fita sosai a cikinsu. Inna ta aiko da tuwon salla, ba ta hana ba, amma tana tsaye bayan ƙyaure tun shigowarsa har tashinsa, kuma da ya tafi ta ce a kai goron masallaci, kada kowa ya ci a gidan.

Na bi shi har inda ya ajiye babur. Sai da ya yi ƙoƙari sau biyu kafin ƙafarsa ta haye. Na tambaye shi ko ya je asibiti an duba shi. Ya ce sai bayan girbi, aiki ya yi yawa yanzu, masu amalanke suna jira.